Auna Zinaren da ke Cikin Dutse Ba Tare da Dogon Jira Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi yawo a bakin masu haƙar zinare, ɗaliban ilimin duwatsu da na sinadarai, da waɗanda ake lallashi su zuba kuɗi a rami. An faro da na tushe, sannan aka gangara zuwa na masu sana'ar. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Me ake nufi da auna zinaren dutse, kuma da wane ma'auni ake faɗin sakamakon?

Ana nufin a ɗauki ɗan kaɗan daga dutsen da aka haƙo, a gano yawan zinaren da ke cikinsa, sannan a ƙiyasta abin da ke cikin tulin gaba ɗaya. Ana faɗin sakamakon da giram a kowane tan. Idan takardar ɗakin gwaji ta ce 1 g/t, ma'anarta a dutsen da ya kai nauyin buhun siminti ashirin akwai zinare giram ɗaya, wanda in aka dunƙule shi girmansa kusan na ƙwayar dawa ne. Wasu takardun suna rubuta ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Daidai yake da g/t. Manyan ma'adinai da dama na buɗaɗɗen rami suna cin riba da dutsen da bai wuce giram ɗaya ko biyu a tan ba, don haka kuskuren rabin giram ba ƙaramin abu ba ne.

Kada a haɗa wannan da gwajin da mai sayen gwal yake yi a kasuwa. Shi yana duba tsarkin zinaren da aka riga aka narka ne, ko karat 18 ne ko 22. Mu kuwa muna neman ɗan ƙurar zinare ne a cikin dutsen da ido ba ya ganin komai a jikinsa.

Mene ne gwajin wuta, kuma me ya sa ake gwada kowace sabuwar hanya da shi?

Shi ne kakan hanyoyin duka. Georgius Agricola ya bayyana shi dalla-dalla a littafinsa De Re Metallica na shekarar 1556, kuma ko a lokacin tsohuwar sana'a ce. Ana niƙe dutse ya yi laushi kamar garin fulawa, a ɗebi giram 30 ko 50, a gauraya da garin dalma mai launin ruwan ɗorawa, da soda, da boraks, da yashi, da ɗan azurfa. Har fulawar gaske ake zubawa a ciki, domin gawayin da take zama a wuta shi ke mayar da garin dalmar ya koma ƙarfe. Sai a zuba a tukunyar yumɓu a sa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,000. Komai ya narke, ɗigon dalma ya riƙa gangarowa ƙasa yana kwashe zinare da azurfa a hanyarsa, kamar yadda ruwan sama ke wanke ƙura daga iska.

In ya huce sai a fasa, a jefar da kashin dutsen da ya zama kamar gilashi, a ɗauki curin dalmar. Shi kuma a ɗora shi a wani ɗan kasko da aka yi da tokar ƙashi ko garin magnisiya, a mayar wuta. Kaskon ya shanye dalmar, ya bar wani ɗan ɗigo mai ƙyalli, wani lokaci bai kai kan allura ba. Zinare da azurfa ke nan. A narkar da azurfar da asid ɗin naitirik a auna abin da ya rage a sikeli, ko kuma a narkar da ɗigon duka a karanta da AAS ko ICP, na'urorin da ke auna yawan ƙarfen da ya narke a ruwa.

Darajarsa ita ce wuta ba ta barin maɓoya. Zinaren da ke kulle a cikin farin dutse ko cikin ma'adinai masu farar wuta duk sai ya fito. Shi ya sa ake kiran sakamakonsa jimillar zinare, kuma duk sabuwar hanya sai ta tsaya kusa da shi an ga ko lambobinsu sun yi daidai.

To in yana da kyau haka, me ya kawo neman wata hanya?

Jira. A ma'adini mai aiki, motar da ta ɗauko dutse daga rami tana da wuri biyu da za ta juye: injin sarrafawa ko juji. Wanda zai ce mata ga inda za ta nufa yana dogara ne da sakamakon gwaji. In sakamako ya makara, ko dai aiki ya tsaya, ko a yi ta cinta: a kai dutsen banza inji a ɓata wuta da sinadari, ko a zubar da mai zinare a juji. A cikin injin ma haka ne. Idan zinare yana zurarewa tare da laka, labarin da ya iso bayan kwana biyu ta'aziyya ce kawai. Mai bincike a daji shi ma injin huda ƙasa yana cin kuɗin haya kullum, alhali bai san ko ramin gaba gabas zai yi shi ko yamma ba.

Ɗakin gwajin da ke cikin ma'adini yakan fitar da gwajin wuta a kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda kuwa zai aika samfuri wani gari ko wata ƙasa, makonni yake jira, musamman lokacin da farashin zinare ya tashi kowa ya ruga ɗakunan gwaji. Ga kuma dalma: kowane samfuri yana barin kasko da tukunyar da suka jiƙe da ita, ma'aikatan kuma sai an riƙa auna jininsu.

A ina ne lokacin yake tafiya?

Ba a cikin tanderun ba. Narkawa da shanye dalma kowanne wajen awa ɗaya ne. Abin da ke cin lokaci shi ne busarwa, farfasawa, rabawa, niƙawa har yawancin garin ya wuce rariya mai ƙofar maikuron 75 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), da wanke injin tsakanin samfuri da samfuri, ga layi, ga sufuri. Saboda haka duk wanda ya zo maka da na'ura yana cewa minti biyu take yi, tambaye shi: minti biyu daga wane mataki? Hanyoyin da suka rage jira da gaske su ne waɗanda suka tsallake niƙa, ko suka haɗa niƙa da narkarwa wuri ɗaya, ko suka kawo gwajin bakin rami.

Na aika samfuri biyu daga dutse ɗaya, sakamako ya sha bamban. Ɗakin gwajin ne ya cuce ni?

Mai yiwuwa babu wanda ya cuce ka. Zinare ba ya bazuwa a dutse kamar gishiri a miya. Ƙwaya-ƙwaya yake zama, kuma yana da nauyi, ya ninka ruwa sau 19.3. Mu yi lissafi. Ƙwayar zinare mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita nauyinta wajen maikurogiram 10 ne (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Giram 30 na dutse mai 1 g/t yana ɗauke da maikurogiram 30. Wato ƙwaya uku kacal. Cokali ɗaya ya zo da biyu, wani ya zo da biyar, sai takarda ta ce 0.7 a nan, 1.7 a can, kuma duka biyun an auna su daidai. In kuwa ƙwaya ɗaya mai rabin milimita ta faɗo cikin giram 30 ɗin, ita kaɗai za ta sa a rubuta fiye da 40 g/t. Mutane sun sayar da gonaki a kan irin wannan lamba.

Niƙa ba ta gama magance matsalar ba, don zinare ba ya farfashewa kamar dutse. Lanƙwashewa yake yi, ya baje, ya manne a jikin injin. Maganin gaske shi ne a auna samfuri mai yawa. Ƙwayar nan mai rabin milimita, a cikin giram 500 abin da za ta ƙara wajen 2.5 g/t ne kawai. Masanin Faransa Pierre Gy, wanda ya kafa ka'idar ɗibar samfuri tun shekarun 1950, a kan wannan ya ƙarar da rayuwarsa. Tsohuwar dabarar ɗakin gwaji ita ce a tankaɗe kilo guda, a ƙone tsakin da ya tsaya a rariya gaba ɗaya a gwajin wuta, a ƙone samfuri biyu na garin, a haɗa lissafi. Tana aiki, amma ta fi gwajin wuta na yau da kullum tsada da jinkiri.

A ganina nan ne ainihin ribar sababbin hanyoyin take, fiye da saurin da ake tallata su da shi: mafi kyawunsu suna auna ninki goma ko fiye na abin da tukunyar wuta ke ɗauka. Duba amsoshi biyu na sayanaid da na PhotonAssay.

Yaya gwajin sayanaid mai sauri yake aiki?

Sayanaid, wani sinadari mai guba, yana narkar da zinare idan akwai iskar oksijin, kuma tun 1887 da John MacArthur da 'yan'uwan nan biyu na gidan Forrest suka yi rajistar dabarar a Gilasgo, da ita ake cire yawancin zinaren duniya. A gwaji, ana zuba garin dutse a kwalba da ruwan sayanaid, a bar ta tana juyawa, sannan a tace ruwan a karanta da AAS. Asali yakan ɗauki kwana ɗaya ko fiye. Wani kamfani a Perth ta Ostireliya, Mineral Process Control, ya fito da sinadarin LeachWELL da ke hanzarta narkewar ta dawo 'yan sa'o'i. Ana iya zuba daga giram 200 har kilo guda ko fiye.

Kamfanin ya kuma ƙera injin da ake kira PAL, mai tukwanen ƙarfe wajen hamsin. A zuba tsakuwar da aka farfasa, da ƙwallayen ƙarfe, da ruwa, da sinadarin, a rufe. Injin yana juyi, niƙa da narkarwa suna tafiya tare, cikin awa ɗaya zuwa biyu an gama. Ma'adinai da yawa da shi suke raba dutsen inji da na juji. Masu bincike kuma suna da tasu, BLEG, wadda aka fara a Ostireliya a farkon shekarun 1980: a jiƙa kilo biyu zuwa biyar na ƙasa ko yashin rafi don a kama ɗan ƙamshin zinaren da ke nuna akwai wani abu a sama.

Gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: dole ruwan ya kasance mai kaifin alkali, ma'aunin pH sama da 10, da taimakon farar ƙasa ko soda mai ƙuna. In ya yi tsami, sayanaid ya zama iskar da ke kisa cikin mintuna. Wannan ba aikin bayan ɗaki ba ne.

Yaushe sayanaid yake faɗin ƙasa da gaskiya?

Duk lokacin da ruwan bai kai ga zinaren ba. A Obuasi ta Ghana, zinare mai yawa yana kulle ne a cikin wani ma'adini na ƙarfe da asenik da farar wuta, ƙanana ƙwarai har niƙa ba ta buɗe su. Shi ya sa tun shekarun 1990 ake sa ƙwayoyin bakteriya su cinye ma'adinin kafin a kawo sayanaid. A Kalgoorlie akwai zinaren da ya haɗu da teluriyam, mai nawar narkewa. A yankin Carlin na jihar Nevada ta Amurka kuwa, dutsen yana da gawayin halitta da ke sake tsotse zinaren bayan ya narke, ɓarawo a cikin gida. Jan ƙarfe mai yawa shi ma yana cinye sayanaid ɗin.

Don haka sakamakon sayanaid amsar wata tambaya ce daban: nawa ne zai narke? Wannan ba aibi ba ne. Ga mai injin sayanaid, lambar da ta fi masa amfani ke nan. Abin da ƙwararru suke yi shi ne su wanke dusar da ta rage su yi mata gwajin wuta. Jimillar biyun ita ce zinaren dutsen, rabonsu kuma shi ke nuna ko dutsen mai sauƙin kai ne ko mai taurin kai.

Narkarwa da asid fa?

Ana haɗa asid ɗin haidurokulorik kashi uku da na naitirik kashi ɗaya, haɗin da tsofaffin masana suka yi wa laƙabi da ruwan sarauta don yana narkar da sarkin ƙarafa. A dafa giram 25 zuwa 50 na gari a ciki, a karanta da AAS ko ICP. Ya fi gwajin wuta arha, ba ya bukatar dalma, kuma daga ruwa ɗaya ana karanta jan ƙarfe, asenik, dalma da sauransu. Ya dace da ƙasar sama da yashin rafi. Rauninsa biyu: ba ya cin farin dutse, don haka zinaren da ke ciki ya tsira, kuma samfurin ƙarami ne kamar na wuta.

Mene ne PhotonAssay da ake ta magana a kai?

Na'ura ce da hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, ta ƙirƙira a ƙarƙashin jagorancin James Tickner, aka kafa kamfanin Chrysos a 2016 don kai ta kasuwa. Ta farko ta fara aiki a Perth a 2018. Ba wuta, ba asid, ba dalma. Ana farfasa dutse zuwa milimita biyu ko uku, a cika gwangwanin roba da wajen rabin kilo, a ɗora a bel.

A ciki, ana haska gwangwanin da hasken eksire mai ƙarfin gaske, wanda ya fi na hoton asibiti nesa ba kusa ba. Hasken yana ratsa dutsen duka, ya zuga cibiyar ƙwayoyin zarra na zinare. In suna komawa daidai sai su saki wani haske nasu na kansu, hasken gama mai ƙarfin keV 279 (keV ma'aunin ƙarfin irin wannan haske ne), wanda yake kamar zanen yatsa ga zinare. Zugar ba ta daɗewa, duk sakan takwas ɗin duniya rabinta ya lafa, don haka inji ne ke fizgo gwangwanin da sauri ya kai shi gaban ma'auni ya ƙirga. Yawan hasken, yawan zinaren. Kowane samfuri wajen minti biyu, amma da yake gwangwanaye suna bin juna a layi, na'ura ɗaya tana yin kusan 70 a awa. Da yake da cibiyar zarra ake magana, ba ruwanta da ko zinaren a kulle yake cikin farar wuta ko a sake. Jimilla take bayarwa kamar wuta. Kuma samfurin yana nan bai ƙone ba, ana iya maimaita shi gobe ko a kai shi wani gwajin.

Tunanin ba sabo fil ba ne. Tun shekarun 1970, zamanin Tarayyar Sobiyet, ake amfani da irin wannan dabara a babban ma'adinin Muruntau na Uzbekistan. Abin da Ostireliya ta ƙara shi ne daidaito da mayar da aikin hannun inji.

Ba ta da nata aibin ne? Kuma dutsen ba ya zama mai haɗari bayan an haska shi?

Zugar zinaren tana gushewa da wuri: bayan minti ɗaya abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma bayan ɗan lokaci ana ɗaukar gwangwanin da hannu. Haɗarin yana cikin na'urar ne lokacin da take haskawa, shi ya sa take lulluɓe da katanga mai kauri, kuma sai da lasisin hukumar kula da nukiliya ta ƙasar da za a girka ta.

Aibinta na farko, ba ta ganin ɗan mitsitsin zinare kamar yadda wuta da ICP suke gani. Iyakarta tana wajen 0.02 zuwa 0.03 g/t, alhali wuta tana sauka har 0.001. Ga mai bin sawun zinare a ƙasar sama, wannan bambanci yana da nauyi. Na biyu, dutsen da ke da yuraniyam ko toriyam yana da nasa hasken da ke dagula ƙirgar, dalma ko bariyam mai yawa ma suna rage daidaito. Na uku, girma da tsada: abu ne mai girman kwantenoni, mai bukatar wutar lantarki tsayayya, kuma kamfanin haya yake bayarwa, ba sayarwa ba. Sai wurin da ke da dubban samfura a wata yake iya riƙe ta. Mai samfuri goma sai dai ya aika inda take.

Akwai irinta a Afirka? A Najeriya ko Nijar fa, ina ake kai samfuri?

Akwai a Bulyanhulu ta Tanzaniya, da Kibali ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, da Tarkwa ta Ghana, duk wuraren da manyan ma'adinai suka taru. Manyan kamfanonin gwaji irin su SGS, ALS da Intertek suna da ɗakuna a Ghana, Burkina Faso da Mali, kuma can ne samfura da yawa na yankinmu suke ƙarewa. A gida, Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya tana da ɗakunan gwaje-gwajenta a Kaduna, akwai kuma cibiyar bunƙasa ƙarafa a Jos. Kafin ka ɗauki hanya, ka tambayi kowane ɗaki takamaimai wace hanya yake auna zinare da ita da nauyin samfurin da yake ɗauka.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: a Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, tun 2004. Da irinta ana jefan samfuri da niyutiron, wasu ƙananan ƙwayoyi na cibiyar zarra, zinaren ya koma wani nau'i mai sakin hasken gama wanda rabinsa ke lafawa a kwana 2.7. Hanya ce mai gani da kyau, 'yar'uwar PhotonAssay ta nesa, amma samfurinta ƙarami ne kuma ba ta gaggawa ba ce. Ta bincike ce, ba ta raba motocin dutse ba.

Bindigar XRF, na'urar hasken eksire ta hannu da ake ɗora wa dutse, tana auna zinare?

A kan sarƙa, zobe ko curin gwal da aka narka, tana yi, ko da yake fatar sama kawai take gani, ana iya ruɗinta da ƙarfen da aka shafa wa zinare. A kan dutse kuwa, a'a, sai in zinaren ya yi yawan da ido ma zai gani. Tagar da take leƙawa ba ta kai faɗin farce ba, zurfin kuma ɗan kaɗan ne. Ka koma amsar ƙwayoyin zinare ka ga abin da hakan ke nufi. Sannan alamar zinare a wurinta tana zaune ne maƙwabtaka da ta zink, da ta tangistin, da ta asenik, har ta kan ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya. Duk wanda ya nuna maka allon bindiga ɗauke da lambar zinare a kan ɗanyen dutse yana neman kuɗinka, riƙe aljihunka.

Amfaninta na gaske shi ne 'yan rakiya. Zinare yakan zo tare da asenik, antimoni, bismut ko jan ƙarfe, waɗanda ita take gani sarai cikin sakan talatin. Da su ake zaɓen samfuran da suka cancanci kuɗin ɗakin gwaji. Tana kuma ganin dalma da kyau, abin da za mu dawo kansa a amsar ƙarshe.

An ce akwai dabarar da ke sa bindigar ta ga ƙaramin zinare a daji?

Akwai, detectORE, ita ma daga CSIRO ta fito, kamfanin Portable PPB na Perth ke sayar da ita. Ana zuba wajen giram 250 na ƙasa ko gari a jaka da ruwan sinadari, tare da wani ɗan abu mai tsotse zinaren da ya narke. A bar jakar tana juyawa na sa'o'i, a ciro abin, a ɗora masa bindiga. An tara zinaren wuri ɗaya, an bar masu dagula ƙirga a baya. Mai bincike yana samun amsa a sansaninsa washegari. Amma narkarwa ce, don haka duk abin da aka faɗa a kan dutse mai taurin kai ya shafe ta. Jagora ce, ba lambar da za a kai wa mai zuba jari ba.

Wanki a kwano da muka gada ba gwaji ba ne?

Gwaji ne, kuma babu wanda ya kai shi sauri da arha. Ƙwararren mai wanki yana daka dutse ya wanke, daga tsawon jelar zinaren a gindin kwano ya faɗi abin da buhu zai bayar, sau da yawa bai yi nisa da gaskiya ba. Sai dai kwano zinare mai kauri kuma sakakke kawai yake riƙewa. Mai laushi yana bin ruwa, na kulle kuma ba ya fitowa. Zaiba ma haka, ga gubar hayaƙinta. Dalilin da ya sa masu tankin sayanaid suke sayen dusar da masu wanki suka zubar ke nan: sun san abin da ya rage a ciki. Kafin ka sayar da tulin dusarka a kan farashin yashi, kai samfurinta a auna.

Ta yaya zan san sakamakon da aka ba ni abin dogaro ne?

Ka jarraba ɗakin gwajin ba tare da ya sani ba. A cikin kowane samfuri ashirin ko makamancin haka, cusa abu uku da lambobi irin na sauran: garin da aka riga aka san zinarensa, wanda kamfanoni irin su OREAS da Geostats suke sayarwa a ƙunshe, da dutsen da ba shi da zinare ko kaɗan, a bayan samfuri mai yawan zinare, don ka ga ko suna wanke injinsu, da tagwayen wani samfurin. Lokaci-lokaci kuma ka aika wani kaso wani ɗaki daban. Ka tambaya ko suna da shaidar ISO/IEC 17025 ta ingancin ɗakin gwaji, kuma ko ta shafi hanyar da za su yi maka.

Amma mafi munin ha'inci kafin ɗakin gwaji ake yin sa. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu: ya yi shekaru yana shelar gano zinare mai ɗimbin yawa a Busang ta Indonesiya, ashe barbaɗa zinare ake yi a cikin samfura kafin a aika. Ɗakunan gwajin sun auna abin da aka ba su daidai. Da kamfanin Freeport ya huda nasa ramukan a gefen nasu, bai sami abin kirki ba, masu bincike kuma suka ga ƙwayoyin sun yi sumul irin na zinaren rafi, ba irin na cikin dutse ba. Biliyoyin daloli suka narke. Babu na'urar da saurinta zai kama irin wannan; sai buhu mai hatimi da sanin hannun da ya bi.

Masu zuba jari suna karɓar sakamakon hanyoyin sauri?

Ƙa'idojin bayar da rahoton ma'adinai, JORC ta Ostireliya da NI 43-101 ta Kanada wadda ta fara aiki a 2001 bayan abin kunyar Bre-X, ba su wajabta hanya ɗaya ba. Abin da suke nema shi ne ƙwararren da zai sa hannu ya bayyana hanyar, ya faɗi ko jimilla take bayarwa ko wani sashe, ya kuma nuna shaidar jarrabawar da aka ambata a sama. Kamfanoni da dama yanzu da PhotonAssay suke bayar da rahoto, bayan sun gwada ta da wuta a kan dutsensu. Lambar bindigar hannu ko ta kwano ba ta shiga lissafin arzikin ƙasa.

Wacce zan zaɓa ke nan?

Ya danganta da shawarar da ke jiran amsar. In kana bin sawu a ƙasar sama, BLEG ko asid ko wuta da ICP, da bindiga don 'yan rakiya. In ka huda ƙasa kuma zinarenka mai laushi ne, gwajin wuta na giram 50 bai tsufa ba. In kana ganin zinare da ido ko tagwayen samfuranka suna saɓa wa juna, nemi mai ɗaukar da yawa: PhotonAssay, LeachWELL na kilo guda tare da ƙona dusa, ko tankaɗe. Don raba dutse kullum a rami, PAL ko PhotonAssay. Sauri kan haifi nawa idan aka ɗauki hanyar sayanaid aka ɗora wa dutsen da ba a taɓa gwada taurin kansa ba, don haka samfuran farko na kowane sabon wuri a yi musu hanya biyu.

Ni ƙaramin mai haƙa ne. Yaya zan ɗebi samfurin da zan aika?

Kada ka zaɓi dutsen da ya fi ƙyalli. Kanka za ka ruɗa. Ka sassaƙo layi ɗaya mai faɗi da zurfi iri ɗaya, daga wannan gefen jijiyar zuwa wancan, ka tara duk abin da ya zubo a kan leda mai tsabta, kilo biyu zuwa uku. In tuli ne, ɗebo daga sama, tsakiya, ƙasa da ciki, ba daga baki kawai ba. Kowane wuri da buhunsa, da lambarsa a ciki da waje, kai kuma ka rubuta a littafi inda ka ɗebo da faɗin jijiyar. Cire zobe kafin ka fara, kuma kada ka yi amfani da turmi ko buhun da ya taɓa ɗaukar dutse mai zinare. Ɗaure da kanka, kai da kanka ko ta hannun wanda ba shi da riba a sakamakon.

A takardar aikawa, ka nemi a auna maka dalma da asenik tare da zinaren. Ƙarin kuɗin kaɗan ne. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma mai yawa, a ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma, Abare da Bagega. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. In sakamakonka ya nuna dalma, a niƙa dutsen da ruwa, nesa da gari, ba da injin da ake niƙa hatsi ba, kayan aiki da tufafin aiki kuma su kwana a bakin rami.